An Bar Jaki Ana Dukan Taiki

Duk wanda ya saba da kasuwannin ƙauye na ƙasar Hausa ba ya bukatar a gaya masa ko mece ce akori-kura. Ita ce motar nan mai gida a gaba da buɗaɗɗen baya, wadda ta gaji aikin jaki da raƙumi da amalanke. Ita ke kwaso gero da dawa da wake daga lungunan da babbar mota ba ta iya shiga, ita ke kai amarya da kayan ɗakinta, kuma ƙofar mai ita ake bugawa da tsakar dare idan haihuwa ta zo wa mace da gardama. Ƙirar Peugeot, kamfanin da aka fara haɗa motocinsa a Kaduna a shekarar 1975, ita ta daɗe tana riƙe da hanyoyin Arewa, sa'an nan Toyota Hilux, wadda aka fara ƙerawa a Japan a 1968, ta zo ta yawaita.

Sai dai akwai bambanci tsakanin jaki da magajiyarsa. Jaki in ya ji ciwo ɗingishi yake yi, mai shi ya ɗaga ƙafar ya cire ƙaya. Mota kuwa, ciwo yana wuri guda, kuka yana fitowa daga wani wuri dabam, domin ƙarfe yana miƙa wa ƙarfe motsi. A cikin cututtukan mota da wuya a sami wanda ya kai karkarwa ruɗa mutane da cin kuɗinsu a banza. Labarin wani direba ya isa misali.

Shi dai wannan direba magidanci ne, yana jigilar hatsi daga kasuwannin da ke kewayen Bichi da Tsanyawa zuwa kasuwar Dawanau a Kano. Motar tasa ce ta kansa, kuma da ita yake ci da iyali, har da mahaifiyarsa da ƙannensa biyu da ke makaranta. Wata kaka, daidai lokacin da aiki ya fi yawa, sai motar ta soma wata irin rawa. In tana tafiya sannu lafiya lau, amma da zarar allurar gudu ta doshi kilomita 70 sai a ji wani guna yana tasowa daga ƙarƙashi, kujera ta riƙa ɓari, madubi ya dushe har ba a iya gane motar da ke biye. In ta kai 80 kuwa, sai ƙafar direba ta yi sanyi kamar an ɗaure ta.

Ya fara da mai faci, aka ce tayoyi ne, ya sayi biyu sababbi. Bai ga sauƙi ba, aka tura shi wurin masu na'urar daidaita taya, suka ɗora wa kowace ƙafa darma. Wani ya ce inji ne ke tsallake wuta, aka sauya fulogi. Wani kuma ya rantse kuloci ne. Kafin wata guda ribar kaka ta tafi a gareji, mota kuwa tana nan da halinta. 'Yan kasuwa da suka saba hawa kan buhuna su bi kayansu suka fara neman wata mota, don babu mai son ya ji ƙarfe yana rawa a ƙarƙashinsa a kan hanyar Katsina. A nan ne wani abokin sana'arsa ya kwatanta masa garejin wani tsohon bakanike a cikin Kano, wanda aka sani da rashin gaggawar ɗaukar sifana.

Da direba ya isa ya gaishe shi, ya soma lissafa abubuwan da aka sauya, sai tsohon ya ɗaga hannu ya ce, "Ɗana, bar zancen abin da ka saya tukuna. A ina kake jin ta, a hannu ko a mazaunai?"

Direba ya ce, "A mazaunai da tafin ƙafa, Baba. Sitiyari bai cika motsi ba."

"In ta ɗauki kaya fa?"

"Takan ɗan lafa, amma ba ta bari."

"Wa ya taɓa ƙarƙashinta kafin ta fara?"

Direba ya yi shiru, sa'an nan ya tuna. Gab da kaka ya sa an ƙara wa sifirin na baya ganye biyu kowane gefe, aka kuma tsawaita maratayansa, don motar ta ɗauki ƙarin buhuna ba tare da ta durƙusa ba. Bayan makonni kaɗan kuros na baya ya mutu a hanya, wani bakanike na bakin titi ya kwance farfela ya sa sabo. Tsohon bai ce kome ba, sai ya ce a shiga mota a hau titi.

Kafin a bi su, ya kamata mai karatu ya san hanyar da ƙarfi ke bi a cikin irin wannan mota. Inji yana gaba, ƙafafun da ke tura mota suna baya. Inji ya miƙa wa kuloci, kuloci ya miƙa wa giya, daga giya sai wani dogon bututun ƙarfe ya ɗauki juyin ya kai shi ga tulun nan da ke tsakiyar aksul na baya, inda ake raba shi zuwa ƙafafu biyu. Wannan bututu shi ne farfela. A doguwar akori-kura takan zama gaɓa biyu, da boris a tsakiya wanda ke zaune cikin roba yana rataye da jikin mota. Da yake giya a ɗaure take da jikin mota, aksul kuwa yana hawa yana sauka bisa sifirin, dole farfela ta iya lanƙwasa, ta kuma iya miƙewa da taƙurewa. Lanƙwasar aikin kuros ne, watau wani ƙarfe mai hannu huɗu da ke zaune tsakanin gwafa biyu, kowane hannu da hula cike da siraran allurai na ƙarfe. Miƙewa da taƙurewa kuwa aikin wata gaɓa ce mai haƙora, wadda ke zamewa ciki da waje.

Abin da ke juyawa a mota kashi uku ne, kuma kowane da saurinsa: inji, farfela, da ƙafafu. Wanda ya iya rarrabe su ya gama rabin aiki. Taya irin ta akori-kura tana cin kimanin mita 2 da ɗoriya a kowane juyi, saboda haka a gudun kilomita 80 a awa tana juyawa kusan sau 600 a minti, watau sau 10 a daƙiƙa. Farfela kuwa tana yin wajen juyi huɗu kafin taya ta yi ɗaya, watau kusan 2,400 a minti, ko 40 a daƙiƙa. Don haka rawar taya jijjiga ce mai nauyi wadda mutum ke iya kusan ƙirgawa, kuma in ta gaba ce a sitiyari take fitowa. Ta farfela kuwa ɓari ce mai sauri haɗe da guna, tana bin kujera da daɓen mota. Wannan ne dalilin tambayar farko da tsohon ya yi.

Tun kafin su tashi ya sa aka bar giya a firi, aka taka totur sannu a hankali har inji ya yi sama. Mota ba ta yi ɓari ba. Da suka hau titi suka kai kilomita 80, karkarwa ta kankama, sai ya ce a mai da giya firi a ɗaga ƙafa daga totur. Inji ya koma salo, mota tana gangarawa da gudunta, amma karkarwa ba ta tafi ba, ta dai ragu. Aka mai da giya aka taka, sai ta ƙaru. Tsohon ya ce, "To, inji ya fita daga zargi, domin ga shi yana hutawa ita tana rawa. Taya kuma ba ta san ko ka taka totur ko ka ɗaga ba. Abin da ke ƙaruwa in an ja, ya ragu in an saki, a farfela ake nemansa. An bar jaki ana ta dukan taiki."

Da suka komo gareji ya sa yaransa suka tokare ƙafafun gaba da duwatsu, aka ɗaga baya, aka zaunar da aksul bisa ƙafafun ƙarfe. Ya hana kowa shiga ƙarƙashi sai da aka yi haka, domin jak na ɗagawa ne, ba a amince masa da rai. Aka kwance tayoyin baya, aka ɗaure gangunan birki da notina, aka tayar da mota aka sa giya har allura ta nuna 80. Ga mota ba taya, ga karkarwa tana nan. Direba ya dubi sababbin tayoyinsa a jingine da bango, bai ce uffan ba.

Aka kashe inji, aka bar giya a firi domin farfela ta saki jiki, tsohon ya shimfiɗa buhu ya shiga da kansa. Ya kama kowane kuros ya girgiza sama da ƙasa, ya murɗa hagu da dama, yana neman wasa. Ya duba bakin huluna ko zai ga jan gari mai kama da tsatsa, wanda ke nuna giris ya ƙare allurai suna cin junansu. Mataccen kuros yakan kuma tona kansa da ƙara guda mai ƙarfi sa'ad da aka sa giya ko aka tashi, ko da tsuwa in ana tafiya sannu. Bai sami ko ɗaya ba. Ya tura boris na tsakiya, robarsa ba ta yage ba. Ya duba robar da giya ke zaune a kai, ita ma da sauranta. Sa'an nan ya ja da baya ya hangi gaɓar farfela ta baya daga wannan kai zuwa wancan, sai ya yi murmushi, ya kira babban yaronsa ya ce, "Kai, zo ka gani. Kunnuwan nan suna kallon wuri guda?" Yaro ya duba ya ce, "A'a, maigida, na gaba ya karkace."

A nan asirin kuros yake, kuma tsohon sani ne. Turawa suna kiran wannan gaɓa da sunan Gerolamo Cardano, masanin nan na ƙasar Italiya na ƙarni na 16, wasu kuma da sunan Robert Hooke na Ingila, wanda ya yi nazarinta a ƙarni na 17 ya gano cewa in tana aiki a lanƙwashe ba ta miƙa juyi daidai wa daida. Ko da ɓangaren da ke tuƙawa yana juyawa da sauri guda, wanda ake tuƙawa yakan yi gaba ya yi baya, ya ƙara sauri ya rage, sau biyu a kowane juyi. In lanƙwasar digiri 10 ce, saurin yana hawa yana sauka da kimanin kashi ɗaya da rabi cikin ɗari. In ta kai digiri 30 kuwa, sai ya kai wajen kashi 15. Maganin da maƙera mota suka yi shi ne su sa kuros biyu, na biyu ya warware abin da na farko ya ƙulla. Amma wannan ba ya yiwuwa sai da sharaɗi biyu. Na farko, gwafa biyu da ke kan bututun su kasance a layi guda. Na biyu, lanƙwasar kuros na gaba da ta na baya su zama kusan daidai. In aka karya ɗaya daga cikinsu, sai hanzari da jinkirin nan su wuce zuwa aksul, kuma a juyi 40 a daƙiƙa bugu 80 ke nan a kowace daƙiƙa.

Bakaniken bakin titi ya karya sharaɗi na farko. Sa'ad da ya kwance farfela ya zare gaɓa mai haƙora ba tare da ya yi mata alama ba, da ya zo mayarwa sai ya zura ta yadda ta shiga, ta kauce da haƙora biyu. Kuros ɗin da ya sa mai kyau ne, ya kuma ɗaure kowane noti tamau, amma ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Tsohon ya sa aka sauke farfela, aka wanke haƙoran da kananzir, sai ga 'yan kibiyoyi biyu da masu ƙira suka buga tun asali, datti ya rufe su. Aka haɗa kibiya da kibiya, aka shafa giris, aka mayar. Da aka gwada, karkarwa ta ragu da fiye da rabi. Direba ya yi hamdala ya sa hannu a aljihu, tsohon ya ce, "Dakata, ɗana, da sauran rina a kaba."

Aka mai da tayoyi aka sauke mota bisa daɓe mai laushi, domin ba a auna lanƙwasa sai mota tana tsaye da nauyinta. Da can da ma'aunin kwana da zare mai darma ake wannan aiki. Yanzu yaron gareji ya ciro wayarsa, wadda ke da ma'aunin karkata a ciki, ya ɗora ta a gaɓar farfela ta gaba, da ta baya, da fuskar tulun aksul, aka debe wannan daga wancan. Kuros na tsakiya yana aiki a kan digiri 6, na baya a kan 2. Abin da masu ƙira suka fi so shi ne kada lanƙwasa ta wuce digiri 3 a motar da ke gudu a titi, kada bambancin biyun ya wuce digiri 1, kuma kada ta zama babu sam, domin in kuros bai lanƙwasa ko kaɗan ba alluransa ba sa juyawa, sai su tsaya wuri guda su huda masa gurbi.

Wannan laifi kuwa ba na bakaniken hanya ba ne. Ƙarin ganyen sifirin ya ɗaga bayan mota, farfela ta ƙara gangarowa, dogayen maratayai kuma suka ɗaga hancin tulun aksul sama. Shi ya sa in an yi lodi, baya ya sauka, karkarwa takan lafa. Shi ne ma ya gaggauta mutuwar kuros na farko. Tsohon ya ce hanya biyu ce: ko a mai da sifirin da maratayansa yadda aka ƙera su, ko a bar su a cusa ƙarfe mai siffar weji tsakanin sifirin da aksul don a sunkuyar da hancin tulun. Ya ce ta biyu tana daidaita kwana biyun da juna, amma ba ta rage gangaren farfela, ba ta kuma ƙara wa birki da boris da jikin mota ƙarfin ɗaukar abin da ba a yi su dominsa ba.

Nan direba ya yi jim, domin zance ya bar ƙarfe ya koma kan abinci. Rage ganye yana nufin rage buhuna a kowane sawu, kowane buhu kuwa kuɗin mota ne. Ya ce, "Baba, kowa haka yake yi a tasha." Tsohon ya ce, "Na sani. Amma ka taɓa ganin motar da kuros na gaba ya tsinke tana gudu? Kan farfela yakan faɗo ya caki kwalta, ya ɗaga bayan mota kamar an sa mata gwafa. Mutum nawa ke zaune bisa buhunanka?" Direba ya sunkuyar da kai, ya ce a cire. Aka cire ganyen da aka ƙara, aka mai da maratayai na asali, aka ɗaure kusoshin da ke rungume da aksul. Da aka sake aunawa kwana biyun sun dawo kusa da juna, ƙasa da digiri 3.

Aka hau titi, saura wani ɗan guna siriri da ke fitowa bayan kilomita 80, wanda bai damu da totur ba, ko an taka ko an ɗaga yana nan. Tsohon ya ce wannan ba na kwana ba ne, na nauyi ne. Ya shafa jikin bututu da hannu har ya sami wani tabo mai kusurwa huɗu inda fenti bai taɓa shiga ba. A nan ne ɗan faifan ƙarfen da aka liƙa a masana'anta don daidaita nauyi yake da, guduma ta fizge shi ranar da aka buga kuros a bakin titi. Mai karatu zai ce me ɗan ƙarfe kamar kwabo zai yi wa mota? Ƙarfin da abu mai juyawa ke fizga da shi yana ninkuwa sau huɗu duk sa'ad da sauri ya ninka sau biyu. Giram 30 a jikin bututun da ke da nisan santimita 4 daga tsakiyarsa, in yana juyi 2,400 a minti, yana ja da ƙarfin da ya kusa kilo 8, kuma yana sauya fuska sau 40 a daƙiƙa. Wannan shi ke cinye boris na tulu, ya kashe robar da ke tsare man giya, ya kwance notina.

Aka sake ɗora mota bisa ƙafafun ƙarfe. Da farko aka juya farfela da hannu, an kafa alli kusa da ita, don a tabbata bututun bai tanƙware ba, domin tanƙwararren bututu sai wurin masu injin gyaran ƙarfe ko a sauya shi. Ya fito a miƙe. Sa'an nan tsohon ya naɗe hannun rigarsa, ya kori yara gefe, aka sa giya, ya matso da alli a hankali har ya ɗan taɓa bututu yana juyawa. Da aka tsayar sai ga zanen alli a gefe guda kawai, watau gefen da nauyi ke fizgowa waje, kuma yana daura da tabon nan ta ɗaya gefen. Ya ɗauko kilif biyu irin na ɗaure tiyo, ya ɗaura su da kawunansu a kan tabon. Aka gwada, nauyin ya ɗan zarce, sai ya raba kawunan biyu, ɗaya hagu ɗaya dama, da tazara daidai, yana gwadawa yana ƙarawa, har madubi ya tsaya cak. Ya yi alama, ya gaya wa direba cewa in ya sami sarari ya kai farfela wurin masu na'urar auna ta su liƙa nauyi na dindindin.

Abin lura a aikin tsohon shi ne jerin da ya bi. Ya fara da tambaya, sa'an nan gwaji a hanya, sa'an nan ido da hannu, bai kwance noti ba sai da ya san abin da yake nema. Ya kuma gyara abu ɗaya ya gwada kafin ya taɓa na biyu, domin cuta uku ce ta haɗu a mota guda, kuma da ya fara da kilif da alli alhali gwafa tana karkace, da ya wuni yana kora inuwa. Abin da ya kashe na kaya bai wuce giris da kananzir da kilif biyu ba. Hausawa sun ce sanin wurin bugu shi ne ƙira.

Direba ya ƙarasa kakarsa da lodi mai sauƙi, sawu ya ƙaru, fasinjojinsa suka dawo. Tun daga lokacin duk ranar da aka sauya baƙin mai yakan sa a matsa giris a kowane kuros da gaɓa mai haƙora har sabo ya turo tsoho waje, yakan kuma ɓamɓare busasshen taɓo daga jikin farfela bayan tafiyar damina, domin shi ma nauyi ne. A aljihun gaban motar kuwa yana ajiye da guntun alli, kuma babu bakaniken da ke kwance masa farfela sai an ja layi a kowace mahaɗa tukuna. Allah ya tsare matafiya, ya sa albarka a sana'a.